Likita ya ce mu koma gida da Baba, daga nan kuma sai me?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya yi magana. Mahaifinmu ne yake fama da ciwon dajin hanta. Tun bayan babbar sallah yake ramewa, ciki yana kumbura, idanu suka koma ruwan ɗorawa. Mun sha yawon asibiti har aka tura mu babban asibiti, aka yi hoto, aka ɗebi jini. Jiya babban likitan ya kira ni da yayanmu waje, ya ce ciwon ya riga ya bazu, aiki ba zai yiwu ba, mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Yanzu gidan ya rabu. Yaya yana so a sayar da gona a kai shi Masar, ƙannen Baba sun ce jifa ne, a kai shi wurin mai magani. Shi kuwa Baba ba wanda ya gaya masa gaskiya, an ce masa hanta ce ta ɗan taɓu. Da dare ba ya runtsawa, sai nishi, sai ya kama gefen katifa ya matse. Da za mu fito wata nas ta ja ni gefe ta ce mu nemi 'yan hospis ko sashen rage raɗaɗi. Mene ne wannan ɗin? Akwai shi a nan Arewa?

Ummu Sadik: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗan Bichi: Allah ya kawo sauƙi. Ku yawaita sadaka.

Nas Binta: Wa alaikumus salam Maman Khalifa. Sannunku da jinya. Na daɗe ina aiki a ɗakin masu ciwon daji, bari in yi miki bayani yadda zan iya.

Idan likita ya ce ba abin da za a iya yi, abin da yake nufi shi ne ba za a iya kawar da cutar ba. Amma fa akwai aiki jingim a kan shi mara lafiyar. Ciwon da yake hana Baba barci ana iya kwantar da shi. Ruwan da ya taru a cikinsa ana iya zuƙe shi da allura, ya samu ya numfasa ya ɗan ci abinci, ko da yake yakan sake taruwa. Amai, ƙaiƙayi, rashin bahaya, duk da maganinsu. Wannan shi ne aikin sashen da aka ce ki nema. Ba sa ƙoƙarin tsawaita kwana, ba sa ƙoƙarin rage shi, burinsu abin da ya rage masa ya yi shi cikin hayyacinsa, babu azaba. Kuma ku iyali kuna cikin waɗanda suke kula da su, su koya muku jinya, su gaya muku abin da za ku gani nan gaba don kada ya zo muku ba zato.

A ƙasar nan asibitin koyarwa na Ibadan ne ya yi fice, sun buɗe sashensu a 2007 da ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta. A Arewa akwai masu wannan aikin a asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Ki koma inda aka sallame ku, ki nemi ganin likitocin daji ko na sashen sa barci, su ne galibi suke riƙe da maganar raɗaɗi. Ki ce musu ƙarara: mun yarda ba za a yi aiki ba, amma mahaifinmu ba ya barci saboda ciwo, muna so a rubuta masa abin da zai riƙe shi. Kada ki ji nauyi, haƙƙinsa ne.

Baban Amira: Ni fa wannan maganar ba ta kwanta mini ba. Likita ba Allah ba ne. Mutum nawa aka ce ba za su kai wata ba, ga su nan har yau suna zuwa kasuwa? Wannan tsarin na Turawa ne, su ne idan tsoho ya gaza sai a kai shi wani gida a ajiye ana jiran ranarsa. Mu ba a san mu da haka ba. Mai rai ba ya fid da tsammani. In da ni ne, wallahi gonar zan sayar, dukiya ai don irin wannan ranar ake tara ta.

Hauwa Ingila: Baban Amira, a irin gidan da kake faɗa nake aiki a nan Ingila, kuma ba haka abin yake ba. Gidan tsofaffi daban, hospis daban. Yawancin waɗanda muke kula da su suna gidajensu ne cikin iyalansu, nas ce take zuwa ta duba su. Wanda aka kwantar a wurinmu sau da yawa na ɗan lokaci ne, a daidaita masa magani ya koma gida. Wadda ta kafa tsarin na zamani, Cicely Saunders, nas ce tun farko kafin ta zama likita, ta buɗe St Christopher's a Landan a 1967 saboda ta ga yadda asibitoci suke kau da kai daga wanda suka fid da ran warkewarsa, a bar shi a gadon ƙarshe na ɗaki yana murƙususu. Ita ce ta dage cewa ciwon mai mutuwa ba na jiki ne kaɗai ba, akwai tsoro, akwai tunanin iyali da bashi, akwai abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma duk sai an taɓa su.

Kuma ba sai an je Turai ba. A Yuganda wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a nan Najeriya, ta fara irin wannan a Kampala a 1993, kuma gida gida suke bi. Garin mofin, wani maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, suke damawa da ruwa su zuba a robar ruwan sha, ya fito da araha. Daga baya ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi da kansu, saboda likita ba ya kaiwa ƙauye. Irin wannan ne ya dace da mu, tunda dama mu a gida muke jinya.

Baban Amira: Mofin kuma? Wato a bugar da dattijo ya yi ta barci har rai ya yi halinsa, ko kalmar shahada bai samu yi ba? Ga yaranmu nan tiramol da kodin sun gama da su, yanzu kuma a shigo da wanda ya fi su cikin gida.

Auwal Famasi: Yallaɓai, tsoron nan naka har wasu ma'aikatan lafiya suna da shi, shi ya sa za ka ga mai ciwon daji ana ba shi farasitamol kamar mai ciwon kai. Amma bari in faɗi yadda ake ba da shi. Na ruwa ne, ana aunawa da sirinji ba allura a zuba a baki. Likita yana farawa da ɗan kaɗan, musamman ga mai ciwon hanta ko ƙoda, sannan ya riƙa ƙarawa har a kai inda ciwon ya kwanta mutum kuma yana cikin hankalinsa. Ana sha ne a kan lokaci, galibi duk bayan awa huɗu in ba likita ya tsara wani abu daban ba, ba a jira sai ciwon ya taso. Kwanakin farko yakan sa gyangyaɗi ko tashin zuciya, sai ya wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bahaya, don haka duk wanda aka rubuta wa mofin dole a haɗa masa da mai sassauta ciki tun ranar farko.

Wanda aka ba wa daidai ƙa'ida ba ya buguwa, kuma ba ya rage masa kwana. Hasali ma wanda azaba ta hana sakat shi ne ba ya iya natsuwa ya yi sallah ko zikiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa a kowace ƙasa ba.

Inda nake tare da kai shi ne maganar yara. Kwalbar nan a sa ta a akwati a kulle, mutum ɗaya ko biyu su riƙe mukulli, a sami littafi ana rubuta lokaci da adadin da aka ba shi. Kuma Maman Khalifa, ba a kemis ake samunsa ba, sai famasin babban asibiti da takardar likita. Kada ku bari wani ya riƙa sayo masa diklofenak ko ibufurofen a kan hanya, mai irin ciwon Baba suna iya sa masa zubar jini a ciki su kuma taɓa ƙoda. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba, hantar da za ta tace su ita ce ba lafiya.

Malam Abu Hafsa: Bismillah. Baban Amira, niyyarka mai kyau ce, amma akwai gyara. Fid da tsammani daga rahamar Allah daban, yarda da abin da masana suka gani daban. Malamai sun yi bayani cewa neman magani hukuncinsa yana sauyawa. Yakan zama wajibi idan barinsa zai halaka mutum kuma ana kyautata zaton zai yi amfani, yakan sauko ya zama halal kawai, idan kuwa wahalarsa ta fi amfaninsa ba laifi a bar shi. Abin da shari'a ta haramta shi ne a yi wani abu da nufin gaggauta mutuwa, ko da mara lafiyar ne ya roƙa. Ko fatan mutuwa ma an hana, sai dai mutum ya ce Allah ya raya shi matuƙar rayuwa ce ta fi masa alheri, ya ɗauke shi idan mutuwa ce ta fi. Ba da maganin da zai kwantar da ciwo bisa umarnin likita ba ya cikin wannan, lalura ce.

Abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne ɓoye masa da aka yi. Dattijo mai iyali yana da bashi a kansa ko a kan wasu, yana da amanar mutane, wataƙila akwai wanda yake so ya nemi yafiyarsa. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas yana kwance yana zaton ajali ne ya tambayi Manzon Allah (SAW) nawa zai yi wasiyya da shi, aka ce masa sulusi, sulusin ma da yawa. Da an rufe shi da "ba komai, za ka tashi", da yaushe zai yi tambayar? Idan kuka hana Baba sani, kun hana shi wannan damar.

Ummu Sadik: Malam a gafarce ni, amma wa zai iya kallon idon mahaifinsa ya ce masa mutuwa za ka yi? Kakata da aka gaya mata sunan ciwonta, daga ranar ta daina cin abinci, ta juya fuska bango. Wani in ya ji, zuciyarsa ce za ta riga ciwon kashe shi.

Nas Binta: Ummu Sadik, ba haka ake faɗa ba, kuma ba wanda ya san rana balle ya yanka wa wani. Tambayarsa ake yi. A zauna kusa da shi lokacin da ba mutane, a ce: Baba, kai yaya kake ganin jikin nan? Me likitoci suka ce maka? Kana so a yi maka bayanin abin da aka gani, ko ka fi so mu mu ji mu riƙe? Wani zai ce ku dai ku ji, ni ku bar ni da Allah. Shi ke nan, an girmama shi. Wani kuma zai ce dama jira nake wani ya yi mini maganar. Abin da na gani a aikina, yawancinsu sun riga sun sani. Mutum yana ganin wuyan rigarsa yana yi masa yawa, yana ganin ana fita waje ana ƙus-ƙus ana dawowa da jan ido. Sai ya zama shi yana ɓoye musu ya sani don kada su karaya, su suna ɓoye masa, kowa yana kuka shi kaɗai.

Hajiya Inna: 'Yata Maman Khalifa, ni na yi jinyar maigidana, Allah ya jiƙansa, irin wannan ciwon ne amma na hanji. Maganar fita waje nake so in taɓa. Mu mun fita. Aka sayar da fili da motarsa, muka je, suka sake duk gwajin da aka yi a nan, suka faɗi abin da aka riga aka faɗa mana, aka yi masa ƙarin ruwan maganin daji zagaye biyu, jikinsa bai ɗauka ba. Muka dawo ba kuɗi, shi kuma ya fi da galabaita, abin da ya fi yi masa ciwo watannin da ya yi bai ga jikokinsa ba. Ban ce kada kowa ya fita ba, akwai wanda fitar ta yi wa rana. Amma ku fara tura takardun da hotunan, wani ƙwararren ya duba, ku tambaye shi tsakani da Allah: in mun kawo shi warkewa ake nema ko ƙarin 'yan makonni? Ku kiyayi dillalan da ke haɗa tafiyar, su ba sa taɓa cewa kar a zo.

Sai jinyar kanta. Ku riƙa juya shi duk bayan awa biyu in ya kai ba ya iya juyawa, ku duba ƙugu da duga-dugai da bayan kafaɗa, nan gyambon kwanciya yake farawa, fatar ta yi ja ko ta yi duhu kafin ta fashe. Zanin gado kada ya yi laima ko ya tattare. Ku shafa masa man kaɗanya. Bakinsa kuma ku riƙa goge shi da tsumma mai tsabta da ruwa, leɓe a sa masa mai, bushewar baki tana wahalar da su fiye da yadda ake zato.

Kuma don Allah ku yi wa 'yan dubiya iyaka. Mu har sai da na sa ƙanensa ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, don ɗaki yakan cika, kowa da maganin da ya zo da shi, kowa sai ya ce a tashe shi su gaisa. Mutum yana son ya yi fitsari yana jin kunya.

Ɗan Bichi: Hajiya ai dubiya sunna ce, kar a kore mutane su tafi da lada a hannu.

Malam Abu Hafsa: Sunna ce, kuma daga ladubbanta akwai taƙaitawa. A yi addu'a a tashi. Maman Khalifa, ku kuma tuna masa da sauƙin da aka yi masa: in ba ya iya tsayuwa ya yi sallah a zaune, in ba ya iyawa a kan gefensa, in ruwa yana cutar da shi ya yi taimama. Idan lokaci ya matso ana laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, wani ya riƙa faɗa kusa da shi yana ji, ba a tsare shi ana "ka ce, ka ce" ba. In ya faɗa sau ɗaya a ƙyale shi, sai in ya yi wata maganar daban.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na koma asibitin jiya da safe na yi yadda Nas Binta ta ce. An zuƙe masa ruwan, an rubuta mofin na ruwan nan da mai sassauta ciki. Daren jiya ya yi barci har sai da Umma ta riƙa kai hannu hancinsa. Da yamma Yaya ya fara yi masa maganar fasfo, sai Baba ya ce a bar zancen, gonar nan ba tasa ce shi kaɗai ba, akwai rabon Gwaggo a ciki tun gadon mahaifinsu da ba a raba ba, a kira ta da liman a fitar mata da nata yana raye. Yaya bai ji daɗi ba, har yanzu yana cewa a gwada. Tambayata yanzu abinci. Cokali biyu na kunu yake sha ya kau da kai, Umma kuma ta ce sai an ɗura masa, wai yunwa ce za ta kashe shi. Ko mu sa a riƙa yi masa ƙarin ruwa a gida?

Nas Binta: Alhamdulillah da ya samu barci. Kada a yi masa ɗura. Ba rashin ci ne yake kayar da shi ba, ciwon ne ya sa jikin ya daina neman abinci, kuma ba ya jin yunwa irin wadda ni da ke muke ji. In aka matsa masa zai yi amai, ko ya shaƙe abincin ya gangara huhu ya zama wani ciwon. A ba shi abin da ransa yake so, kaɗan kaɗan, a ƙaramin kofi, yana zaune a jingine. In farfesu ya ce, a ba shi romon, in kankana ce a ba shi. Ƙarin ruwa kuma ga mai irin cikinsa sau da yawa ruwan cikin da ƙafafu yake tafiya, ya ƙara masa nauyin numfashi, don haka kada a kira mai kemis ya ɗaura, sai likitansa ya ce.

Umma kuma ku lallaɓa ta. Shekara da shekaru da abinci take nuna masa kulawa, yanzu an ce ta daina, dole ya yi mata zafi. Ku ba ta wani aikin: ita ce mai goge masa baki, mai shafa masa mai, mai yi masa tofi.

Abu biyu ku sa ido a kai saboda hanta ce. In ya fara ruɗewa, yana barcin rana yana farkawa da dare, yana magana ba kan gado, ku duba yaushe rabonsa da bahaya ku kira likita, sau da yawa ana iya gyarawa. In kuma kuka ga amai da jini ko baƙin bahaya kamar kwalta, ku kira nan take. Ku tanadi tawul masu duhun launi a kusa. Kuma tunda ciwon hanta nau'in B ne ya fi jawo wannan a wajenmu, ku tambaya ko shi ne da Baba, in shi ne ku duka ku je gwaji, wanda ba shi da shi ya yi rigakafi.

Zainabu Maraɗi: Ina bin zancen nan tun farko. Ku kuna da babban asibiti kusa. Wanda yake ƙauye fa, ko mu nan da sai an yi tafiya mai nisa? Kuma wa ke yin jinyar? Duk maza ne ke gardamar a fita ko kar a fita, amma wankin zani da kwana a zaune na mace ɗaya ne, ita ke nan har ta kwanta ita ma.

Hauwa Ingila: Zainabu kin taɓo inda ke ciwo. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, mutum miliyan 56.8 ne suke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara, kashi 14 cikin ɗari kawai suke samu, kuma mafi yawan marasa samun a ƙasashe irin namu suke. Najeriya ta fitar da manufa ta ƙasa a kan wannan a 2021, amma takarda daban, kwalbar magani a hannun mai jinya a ƙauye daban. Maganar mai jinya kuwa, a nan har kwantar da mara lafiya muke yi na 'yan kwanaki don kawai matarsa ta samu ta yi barci. Ku da kuke da dangi da yawa ku raba kwana, a rubuta a manna a bango, maza su ɗauki dare tunda namiji ne, su ne ma ya fi sakewa da su wajen kama ruwa.

Baban Amira: To na ji bayanin mofin, Allah ya sa haka ne. Amma ni har yanzu ina tare da yayan. A tura takardun waje a ji ta bakin wani likitan kafin a naɗe hannu.

Hajiya Inna: Ai wannan ba wanda ya hana, turawa ba ta cin gona. Sai dai a tambayi shi mai jikin, tunda ga shi da bakinsa.

Auwal Famasi: Maman Khalifa, kada ku bari kwalbar ta ƙare kafin ku koma, ku je tun da sauran na kwana uku ko huɗu, don wani lokacin sai an jira kafin a samu, kuma wanda ya saba sha ba a yanke masa farat ɗaya. Ki tafi da littafin da kuke rubutawa, da shi likita zai gane ko a ƙara ko a bar shi haka. Ki kuma karɓi lambar wayar wani a sashen wanda za ku iya kira da dare.